Janar Abdulhalim da Yaƙin Tsutsar Masara

Duk wanda ya zo Garwa bai gaisa da Dokter Abdulhalim ba, to a tasha ya tsaya, bai shigo gari ba. Kogin Binuwai yakan janye da rani, rana da duk zafinta takan faɗi da magariba, amma Dokter ba ya janyewa, ba ya faɗuwa. Mutum ne da Allah ya cika wa kai da ilimi har wuya ya gaza, shi ya sa kullum za ka gan shi haɓa a sama, yana kallon mutane ta ƙasan tabarau.

Shekara ashirin ya yi a wani ofishin gona yana buga wa takardu hatimi, ana ce masa Malam Abdu. Sai aka tura shi wani kwas na kwana goma sha ɗaya a Turai, biyu daga ciki a jirgi ya yi su. Malam Abdu ya tafi, Dokter Abdulhalim ya dawo. Mahassada suna tambayar wace jami'a ce ta ba shi. Shi kuwa yakan yi murmushi ya nuna musu bangon falonsa, inda takardun shaida goma sha huɗu ke rataye cikin gilashi. Duka na halartar taro ne. Ɗaya ma ta taron koyon wanke hannu ce, amma an rubuta ta da ruwan zinariya, kuma daga nesa ba mai ganewa.

Ana nan sai wata baƙuwar tsutsa ta sauka a gonakin arewa. Ba 'yar ƙasa ba ce, an ce daga ƙetaren teku ta zo, ba biza, ba sallama. Takan shige can cikin mazurarin ganyen masara ta kwanta, ta ci zuciyar, ta bar wa mai gona kashi kamar dusa. Manoma suka fesa magani, tsutsa ta yi wanka ta ƙara ƙiba. Suka ƙara wani, ta ƙara haihuwa. Da abin ya ishi kowa, aka kafa wani froje, wato shirin aiki, na haɗin gwiwa: masu bincike da manoma, daga Garwa, daga Poli, har daga Mora, su haɗa kai su nemo mafita, tunda hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Ba wanda ya zaɓi Dokter shugaban kwamiti. Ranar taron farko ya riga kowa zuwa, ya zauna a kujerar tsakiya mai hannu, ya ajiye jakarsa a kan tebur. Kunya ta hana a tashe shi. Kafin a gama addu'ar buɗe taro har ya gode wa jama'a bisa amanar da suka ɗora masa.

"Mesdames et messieurs, 'yan'uwa manoma," ya ce, yana gyara wuyan babbar riga. "Haɗin gwiwa abu ne mai sauƙi. Kowa da aikinsa. Ni zan yi tunani, ku ku yi tafi. Nasara suna kiran wannan tsutsa lejiyonera, wato soja. To, soja ba ya jin maganar kowa sai janar. Ku kwantar da hankalinku. Janar ya iso."

Tun daga ranar sunan ya bi shi. A gabansa Janar, a bayansa Janar Ateliye, domin duk yaƙinsa a ɗakin taro yake yinsa, ƙarƙashin fanka, tsakanin shayin safe da shinkafar azahar. Ateliye uku, wato taron bita uku, aka yi kafin a amince da sunan kwamiti. Na huɗu ya ƙare a kan tambari: hoton tsutsa za a sa, ko hoton wanda zai kashe ta? Janar cikin tawali'u ya ce a sa duka biyun, amma a ƙanƙanta tsutsar, kada ta samu girman kai. Ita kuwa tsutsa ba ta halarci ko zama ɗaya ba. Tana gona tana aiki.

A cikin kwamitin akwai mutum biyu da Janar yake wa kallon kujeru. Ɗaya Fabien, masanin ƙwari, mutumin kudu da ya shekara bakwai a Garwa, mai tsohon babur da kwalabe cike da tsutsotsi a aljihu. Fulatancinsa karkatacce ne, Hausarsa ta fi karkacewa, amma manoma suna gane shi saboda yakan tsuguna ya saurara. Ɗayar kuwa Achta, mai soya kifi a ƙauyen Wuro Sambo da ke bakin kogi. Gonar masararta ke ciyar da baki tara. Bara, inda ta saba cika rumbu, abin da ta samu bai kai su ƙarshen sanyi ba. Ta san idan bana ma haka ta kasance, sai ta raba jikokinta gidajen dangi. Ita ba shayi ya kawo ta kwamiti ba.

Da damina ta kankama, Fabien ya lallaɓa Janar ya fita ganin fagen fama. Aka je Wuro Sambo da mota mai tuta. Janar ya sauko da takalmi mai sheƙi, ya tsaya a bakin wata gona, ya ɗaga sanda, ya shiga bayanin ciwon masara da Faransanci mai nauyi. Minti arba'in yana yi. Manoma suna tsaye cikin ladabi. Da ya numfasa, jauron ƙauyen, wato mai gari, ya matso a hankali.

"Allah ya ƙara ilimi, Dokter. Sai dai wannan dawa ce. Masarar tana bayanka."

"Na sani," in ji Janar, ko gezau. "Gwada ku nake yi. Madalla, kun ci jarrabawa."

Fabien ya buɗe mazurarin wata masara, ya zaro tsutsa ƙosasshiya, ya ɗora a tafin hannu ya miƙa wa shugaba don ya ga abokin gaba ido da ido. Ba wanda ya ga lokacin da Janar ya tashi. Sai dai aka ji ƙarar ƙofar mota, aka ga gilashi yana hawa. Daga ciki ya yi bayani ta 'yar kafa cewa babban kwamanda ba ya kusantar maƙiyi, daga nesa ake tsara yaƙi.

A nan bakin motar Achta ta samu damar magana. Ta ce ta lura da wani abu. Gefen gonarta, inda take zubar da ruwan wankin kifi, cinnaku sukan taru, kuma masarar wajen ba ta da tsutsa sosai. Ta ga da idonta cinnaku suna jan tsutsa kamar mahauta sun kama sa. Ta kuma ce idan ta barbaɗa toka da yashi a cikin mazurarin, ƙananan suna mutuwa.

Janar ya sauke gilashi kaɗan, don dariyarsa ta samu hanyar fita.

"Ruwan kifi! Toka! Baiwar Allah, mu nan kimiyya muke yi, ba miya ba. Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai gan shi ba. Sakatare, kada a rubuta wannan. In Nasara suka karanta, sai su ce a murhu muka yi karatu."

Achta ta gyara mayafinta. Fabien ne kawai ya ciro ɗan littafinsa ya rubuta, ya kuma tambaye ta wane irin kifi.

Mako biyu bayan haka Janar ya fito da makaminsa. Ya sa masa suna Abdulhalim Ɗaya, don ya bar wa Biyu da Uku hanya. Na'ura ce mai farantin hasken rana, da batirin mota, da lasifika huɗu irin na masu tallan maganin basir, an ɗaure su a kan dogon ƙarfe. Tana kukan jiniya, tana ƙarar bindiga, tsakani kuma muryar Janar da kansa tana umartar tsutsa da ta bar ƙasar cikin sa'a arba'in da takwas. Fabien ya yi ƙarfin hali ya ce tsutsa ba ta da kunne irin namu.

"Ka ga inda ƙaramin ilimi yake tsayawa," in ji Janar. "Tunda ba ta da kunne, ba ta da abin toshewa. Ƙarar za ta wuce kai tsaye zuwa zuciya."

Aka kafa na'urar a gonar froje, babba, a bakin hanyar Wuro Sambo. Aka dasa allo mai hoton Janar yana nuna sama da yatsa. Ya kafa doka: ba toka, ba yashi, ba ruwan kifi, ba hannun kowa a wannan gona. Ta kimiyya ce zalla.

A gaskiya na'urar ta yi aiki, kada a zalunce ta. Jakuna sun daina bin hanyar. Kajin jauro sun daina ƙwai. Wani mai babur ya ji jiniya ya zaci jandarma ne, ya faɗa kwata da buhun gawayi. Ladanin ƙauye ya kai ƙara sau biyu. A duk faɗin Wuro Sambo, halitta ɗaya ce ba ta damu ba, ita ce wadda aka yi abin dominta. Wasu ma sun rantse cin nata ya ƙara sauri, kamar mai noma da ya samu makaɗi.

A tsallaken hanya kuwa, ba allo, ba jiniya, wani aiki yana tafiya. Fabien da Achta suka tara manoma goma sha biyu. Suka raba gonaki layi-layi: nan toka, nan yashi, nan ruwan kifi, nan a haɗa. Kowace safiya a ƙirga tsutsa a rubuta. Ba komai ya tafi daidai ba. Wani ya zuba toka da yawa, masararsa ta ƙone, ya yi kwana uku ba ya gaida Fabien. Ruwan kifin ma da farko karnuka ya fi jawowa. Suka buɗe zaure a waya, ana tura saƙon murya da Fulatanci, da Hausa, da Faransanci, wani lokaci duka uku a jimla ɗaya. Wani dattijo daga Mora, Goni, ya ce su gwada dakakkun 'ya'yan dalbejiya. Matan Poli suka ce ku daina jira sai ta girma, ku duba bayan ganye ku murtsuke ƙwan tun yana nan. Aka yi gardama, aka gwada, aka zubar da abin da bai yi ba, aka riƙe wanda ya yi. Kafin masara ta fitar da gemu, gonar Achta ta yi duhu, ganye shar, kara kamar rake.

An gayyaci Janar cikin zauren wayar. Ya shiga sau ɗaya, ya tura jawabi na minti ashirin da bakwai, ya fita.

Sai takarda ta zo cewa ayarin masu bincike daga Kamaru, Chadi da Najeriya zai kawo ziyara, ƙarƙashin wata masaniyar noma, Madam Su'ad. Janar ya ɗinka sabuwar shadda. Ya sa aka buga huluna masu hotonsa. Ana jibi baƙi za su zo ya tuna bai leƙa gonarsa ba tun ranar da aka yanke kirtanin ƙaddamar da na'urar. Ya je da hantsi. Abin da ya tarar ba gona ba ce, raga ce. Ganye duk huji, kara tsaye tsirara, a sama kuma muryarsa tana ba tsutsa sa'a arba'in da takwas karo na dubu. Ya juya ya dubi tsallaken hanya. Ya sake duban tasa. Babban kwamanda ba ya rasa dabara. Ya sa aka kashe na'ura, aka tuge allon, aka tsallaka da shi aka dasa a bakin gonar Achta.

Fabien ya fusata, har Hausarsa ta gudu ta bar shi da Faransanci. Achta ta dube shi ta yi dariya.

"Bar shi, ɗana. Allo ba ya cin masara."

Ranar ziyara ƙauye ya cika. Aka shimfiɗa tabarmi, aka jera kujeru a inuwar ɗorawa. Janar ya tsaya gaban masarar Achta, shadda tana ƙara, turare yana tashi. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kyauta.

"Manyan baƙi, abin da kuke gani a bayana ba sihiri ba ne. Sunansa Metod Abdulhalim, wato Dabarar Abdulhalim. Shekaru na yi ina nazarin halayyar cinnaka. Wata rana ina zaune a ofis sai ilhama ta sauko mini: kifi! Na tara waɗannan bayin Allah, na koya musu da haƙuri, don kun san ƙwaƙwalwar ƙauye sai a hankali. Ba na son yabo. In ma za a ba da lambar girma, a ba ni ita a asirce."

Madam Su'ad mace ce marar yawan magana, da takalmin roba a ƙafarta da tabon laka a gefen zane. Ta saurara har ya gama. Sannan ta ce, "Mun gode, Dokter. Gani ya kori ji. A nuna mana yadda ake yi."

Ranar wanka ba a ɓoyon cibiya. Aka miƙo wa Janar ƙwaryar ruwan kifi da ludayi. Ya karɓe ta da 'yan yatsu, yana kau da hanci. Bai san ludayi guda ake ɗiga wa kowace masara ba. Ya taka cikin gona, ya nemi wuri mai ɗan tudu don kowa ya gan shi, ya hau. Achta ta buɗe baki za ta yi magana, ya ɗaga mata hannu alamar ba a katse malami. Ya karkata ƙwaryar gaba ɗaya. Rabi ya sauka a kan masara, rabi a kan takalmi da ƙafar wando.

Tudun nan gidan cinnaku ne. Wata biyu ana kiwonsu da ruwan kifi, sun san ƙamshin kamar yadda ma'aikaci ya san ƙarshen wata.

"Kamar yadda kuke gani," in ji Janar, "ƙa'idar kimiyya ita ce..." Ya ɗaga ƙafa ɗaya. "Ita ce..." Ya ɗaga ɗayar. Muryarsa ta hau sama kamar ta mai kiran awaki. Ya mari cinyarsa, ya ce wannan alama ce ta jaddada magana. Ya mari ɗayar. Daga nan jawabi ya koma rawa, rawar da ko a bikin girbi ba a taɓa ganin irinta a Wuro Sambo ba. Hula ta faɗi. Tabarau ya bi ta. Babbar riga ta tashi sama ta sauka a kan masara. Mutumin da ya ce daga nesa ake tsara yaƙi ya nufi kogi a guje, rundunar tana biye da shi a cikin wando.

Jauro ya girgiza kai cikin tausayi, ya ce, "Cinnaka ba ta san na gida ba."

Da dariya ta lafa, Madam Su'ad ta juya ta tambayi wace ce mai gonar. Achta ta ɗauki ludayi, ta nuna yadda ake ɗigawa, da yawan tokar da ba ta ƙona ganye, da inda ƙwai ke ɓuya. Ta faɗi abin da Goni na Mora ya ƙara, da abin da matan Poli suka gano, da wanda masararsa ta ƙone har aka san iyaka. Fabien ya buɗe littafinsa, layi bayan layi. Baƙi suka tsuguna suna leƙa mazurari, suna tambaya, suna rubutu. Madam Su'ad ta daɗe tana duba lissafin tsutsar, sannan ta ɗaure fuska kaɗan.

"Aikinku ya yi kyau, Musye Fabien, amma da saura. Ina gonar shaida? Dole a samu gona ɗaya da aka bari ba a yi mata komai ba, don a gwada ta da sauran. In babu ita, wani zai ce tsutsar ce kawai ba ta zo bana ba."

Fabien ya sunkuyar da kai. Ya ce ya nema, amma ba manomin da ya yarda ya zuba ido a cinye abincin 'ya'yansa saboda bincike, shi ma bai ga laifinsu ba.

Achta ta ɗan yi tari. Ta nuna tsallaken hanya da ludayi.

"Hajiya, ga wata can. Iri ɗaya muka shuka, rana ɗaya. Tun da aka shuka ta ba wanda ya taɓa ta. An hana."

Ayari ya tsallaka. Madam Su'ad ta shiga cikin karan da suka rage, ta buɗe wannan, tsutsa uku, ta buɗe wancan, huɗu. Fuskarta ta washe kamar wadda aka yi wa albishir. Ta ce shekara goma sha biyar tana wannan aiki, daga Mora har bakin tafkin Chadi, ba ta taɓa ganin gonar shaida da aka kiyaye da tsantseni irin wannan ba. Ko ƙwayar toka babu. Ta tambayi wane ne ya yi wannan sadaukarwa.

"Dokter ne," in ji Achta. "Shi kaɗai, ba da taimakon kowa ba."

Bana rumbun Achta ya cika har ta ara na maƙwabta, jikokinta kuma ba inda suka je. Dabarar ta bazu zuwa Poli da Mora, kowa yana ƙara mata nasa. Da rahoton froje ya fito, sunayen manoma goma sha biyu suna shafin farko, na Achta a sama. Janar ya yi ta juya shafi, gumi yana keto masa, har ya kai na ƙarshe. Can ƙasa, da ƙananan baƙaƙe, aka rubuta: "Gonar shaida, wadda ba a yi wa komai ba: Dokter Abdulhalim."

Ya karanta sau uku. Kalmar shaida ta yi masa daɗi a baki. Washegari ya kai shafin aka sa masa gilashi, aka kuma buga masa sabon kati: Dokter Abdulhalim, Babban Shaida na Ƙasa da Ƙasa. Yanzu duk wanda ya tsaya gaisawa da shi a kasuwar Garwa sai ya karɓi kati ɗaya, ya kuma ji bayani.

"Su da kansu masana suka rubuta," yakan ce, yana buga ƙirji. "Ba don gonata ba, da har yau ba a san maganin nan yana aiki ba."

Mutanen Garwa sukan gyaɗa kai, ba mai musu. Shekara talatin suna sauraron Dokter, wannan ne karo na farko da ya faɗi gaskiya.